Wutar da Babu Wanda Ya Kunna: Haɗarin Sakin Matsattsen Haidurojin Farat Ɗaya

Fiye da shekara hamsin da suka wuce, wata masana'antar sinadarai a garin Chorzów na ƙasar Folan ta yi hatsarin da ya ci ran mutum huɗu. Gas ɗin da ake haɗa amoniya da shi ne ya ɓalle: kashi uku haidurojin, kashi ɗaya naitirojin, da zafin digiri 300, a matse har bar 300. Yana fitowa ya kama da wuta, ya fashe. Masu bincike suka bi duk abin da aka saba zargi a irin wannan gobara, suka rasa ko ɗaya da za su ɗora wa laifi. Shi kansa zafin gas ɗin bai isa hujja ba, domin haidurojin ba ya kamawa don zafi kaɗai sai ya haura digiri 500, yawanci ma ana rubuta 585. To daga ina wutar ta fito?

Wannan tambaya ce ta sa wasu masana biyu na jami'ar fasaha ta birnin Warsaw, Piotr Wolański da Stanisław Wójcicki, suka duƙufa gwaji, har suka gabatar da sakamakonsu a taron masana ilimin konewa na duniya a 1972. Abin da suka gano ya saɓa wa yadda kusan kowa ke tunanin gobara, kuma har yau bai gama shiga kan masu aiki da gas ba.

Duk wanda aka taɓa koya wa kariya daga gobara ya san darasin farko: wuta na buƙatar abin ci, da iska, da abin kunnawa. A gidan mai ko wurin ɗura gas ɗin girki ba yadda za a yi da biyun farko, don haka ƙoƙarin duka yana kan na ukun ne. A kashe mota, a hana shan taba, a nesanta janareta, kada a yi walda kusa. Tsari ne mai kyau, ya kuma ceci rayuka da yawa. Matsalar ita ce ya ginu a kan cewa abin kunnawa baƙo ne da ke zuwa daga waje, wanda za a iya tsarewa a ƙofa. Matsattsen haidurojin kuwa, idan aka sake shi da gaggawa, yana iya zuwa da abin kunnawarsa.

Sai an fahimci girman matsin da ake magana a kai kafin sauran bayanin ya zauna. Bar ɗaya shi ne kusan nauyin iskar da ke kanmu kullum ba mu ji. Tayar ƙaramar mota na ɗaukar bar 2 zuwa 2.5. Tukunyar gas ɗin girki ba ta cika kaiwa bar 15 ba. Gas ɗin CNG da motoci ke komawa kansa a Najeriya tun bayan cire tallafin mai a 2023 yana zama a bar 200. Silindar haidurojin ta masana'anta tana tsakanin 150 da 300, tankin motar bas mai aiki da shi 350, na ƙananan motoci irin su Toyota Mirai da Hyundai Nexo kuwa 700. Ba don gwaninta ake wannan matsi ba. Haidurojin ya fi iska rashin nauyi sau 14; mita ɗaya mai tsawo da faɗi da zurfi nasa ba ta kai giram 100 ba. Kilo biyar da mota ke buƙata, in ba a matse shi ba, zai cika babban ɗaki. Duk inda ake son a adana shi ko a yi jigilarsa a matsayin gas, dole a matse shi, kuma duk abin da aka matse wata rana zai nemi hanyar fita.

Ga kuma halinsa idan ya fita. Yana cin wuta ko yana kashi 4 cikin 100 na iska, yana ci har zuwa kashi 75. Gas ɗin methane, wanda shi ne mafi yawan abin da ke cikin CNG, iyakarsa daga 5 zuwa 15 ne. Ƙarfin tartsatsin da zai kunna haidurojin bai wuce milijul 0.02 ba, na methane kuma kusan 0.3, wato ya ninka fiye da sau goma. Ba shi da wari, ba shi da launi, harshen wutarsa kuma da rana kusan ba a ganinsa.

A 2007 wasu masu bincike biyu na hukumar kula da lafiyar wuraren aiki ta Birtaniya, Astbury da Hawksworth, suka tattara rahotannin hatsari 81 da haidurojin ya ɓalle a cikinsu. A guda 11 kawai aka gano abin da ya kunna wutar. Sauran, kusan kashi 86 cikin 100, ba a gano ba, alhali a hatsarin sauran nau'o'in gas adadin bai wuce kashi 65 da ɗoriya ba. Ana yawan ɗauko wannan lissafi a ce ga hujja, haidurojin na kunna kansa. Ni dai ina ganin ana ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa. Rashin gano abu bayan gobara ta cinye wurin daban ne da rashin abin. Gas ɗin da ɗan mitsitsin tartsatsi ke kunnawa dole ya bar masu bincike cikin duhu fiye da saura, domin irin wannan tartsatsi ba ya barin sawu. Lissafin ya nuna akwai abin dubawa. Bai faɗi mene ne ba. Gwaji ne ya faɗa.

A cikin abubuwan da ake zargi da kunna shi, wanda aka fi saurin zargi shi ne mafi rauni. Yawancin gas suna yin sanyi idan suka ratsa ƙaramar kafa daga matsi mai yawa zuwa kaɗan.  Haidurojin, da zafin da muke rayuwa a ciki, ɗumi yake yi maimakon sanyi, abin da masana ke dangantawa da sunayen Joule da Thomson. Daga nan wasu suka yanke cewa shi ke nan, ɗumin ne ke kunna shi. Amma ko daga bar 700 aka sake shi, ƙarin zafin 'yan digiri gomomi ne. Tsakaninsa da 500 akwai tafiya mai nisa.

Zargi na biyu ya fi nauyi, shi ne lantarkin gogayya. Tun 1922 Wilhelm Nusselt a Jamus ya binciki rahotannin haidurojin da ke kamawa idan ana sakinsa, ya tarar cewa tsabtataccen gas da ke fita ta bakin bututu ba ya kamawa, amma idan ya ɗebo garin tsatsa mai laushi labari na iya sauyawa. Dalilin a fili yake. Gas shi kaɗai ba ya tara lantarki. Ƙura, tsatsa, ɗigon ruwa ko na mai da gas ya kwaso da gudu su ne ke gogar bangon bututu su ɗauki caji, su kuma sauke shi a kan wani ƙarfe da ba a haɗa shi da ƙasa ba, ko a kan wani tsini. Wannan ya shafe mu kai tsaye. A lokacin hunturu, sa'ad da iska ta bushe ƙarau, mutum kan taɓa ƙofar mota ko ya cire rigar sanyi ya ji ɗan tsinkau a yatsa. Duk tartsatsin da jiki ya iya ji ya ninka abin da haidurojin ke buƙata sau gomomi, wanda bai kai a ji shi ba ma ya isa. Injiniyan da zai kafa wurin haidurojin a Kano ko Damagaram da tsarin da aka zana don ƙasa mai laima, ba tare da ya yi lissafin buji da bushewar watan Janairu ba, ya bar ƙofa a buɗe.

Amma ko an share bututu tas, an haɗa kowane ƙarfe da ƙasa, an hana ƙura, wutar na iya tashi. A nan ne aikin mutanen Warsaw ya shigo, kuma a nan ya kamata a dakata a duba da kyau.

A ɗauki tanki mai haidurojin a bar 100. A bakinsa akwai wani siririn faifan ƙarfe da aka yi shi musamman don ya fashe idan matsi ya wuce ƙima, ya ba gas hanya kafin tankin kansa ya tsage. Bayan faifan akwai bututu da ke kai gas ɗin waje, kuma a cikin bututun babu komai sai iskar duniya, tana zaune lafiya. Faifan ya fashe. Ba a hankali yake buɗewa ba; cikin 'yan kashi kaɗan na miliyan ɗin daƙiƙa hanya ta buɗe gaba ɗaya. Haidurojin ya auka cikin bututun da gudun da ya fi na sauti a cikin iska. Idan ana tura iska a hankali, labarin turin kan riga ya isa gaba da gudun sauti, sai iskar gaba ta matsa ta ba da wuri. A nan kuwa turin ya fi labarinsa sauri. Iskar ba ta sami damar kaucewa ba, sai ta taru a gaban gas ɗin ta zama wani siririn bango mai tsananin matsi da ke gudu a cikin bututun. Wannan bango shi ake kira igiyar bugu, irin wadda jirgin yaƙi ke tayarwa idan ya wuce gudun sauti. Duk iskar da igiyar ta ratsa, matsinta da zafinta na tsalle lokaci guda.

Wanda ya san injin niƙa mai shan dizal ya riga ya san rabin labarin. Injin ba shi da fulogi. Fistin ne ke matse iska har ta yi zafin da ya wuce digiri 500, a feso mai a ciki, ya kama da kansa. A bututun nan ma haka ne, sai dai man ne da kansa ya zama fistin: haidurojin ya matse iskar, ya ƙona ta da zafi, sannan ya biyo bayanta a manne da ita.

Lissafin abin ba ɓoyayye ba ne, duk ɗalibin injiniya da ya karanta motsin gas zai iya yinsa. Idan matsin tanki ya kai wajen bar 25, iskar da ke bayan igiyar na iya kaiwa kusan digiri 500. A bar 65, tana dosar 900. A bar 150, ta haura 1,200. Shi haidurojin ɗin kansa sanyi yake yi a wannan lokaci, domin yana bazuwa da gudu yana tura abin da ke gabansa. Saboda haka a cikin bututun akwai maƙwabta biyu: iska mai zafin gaske a gaba, da gas mai sanyi a baya. A kan iyakar da ke tsakaninsu suke cuɗanya, kuma a wannan siririn layi ne ake samun wurin da oksijin ya wadata, mai ya wadata, zafi ma ya wadata. Idan wannan hali ya ɗore na 'yan kashi gomomi na miliyan ɗin daƙiƙa, wuta ta tashi.

Me ya sa haidurojin, ba sauran gas ba? Amsar tana cikin rashin nauyinsa. Sauti na gudun kusan mita 1,300 a daƙiƙa a cikin haidurojin, a cikin iska kuwa 340. Gas ɗin da sauti ke gudu a cikinsa haka yana iya bazuwa da saurin da gas mai nauyi ba zai iya ba, don haka bugunsa ya fi tsanani. Igiyar da haidurojin ke tayarwa da bar 25, sai methane ya kai wajen bar 140 kafin ya tayar da irinta, kuma ko ya tayar, methane na da nawar kamawa. Kafin ya shirya, zafin ya wuce. Shi ya sa ƙwarewar da mutum ya samu a kan CNG ko gas ɗin girki, duk da amfaninta, ba ta isa jagora a nan ba. Gwaje-gwaje sun ma nuna cewa ɗan surkin methane ko naitirojin a cikin haidurojin na ɗaga matsin da ake buƙata kafin ya kunna kansa sosai.

Abin duka tsere ne tsakanin abu biyu: lokacin da cuɗanyar ke buƙata ta kama, da lokacin da zafin zai ɗauka kafin ya dushe. Idan faifan ya fashe kai tsaye cikin fili, babu bututu, igiyar na bazuwa ta kowace fuska, ƙarfinta ya ragu nan da nan, iskar ta huce, sau da yawa wuta ba ta samu ba ko da matsin na da yawa. Bututu ne ke sauya sakamakon tseren. Yana riƙe igiyar, ya hana ta watsewa, ya ba cuɗanyar lokacin da take nema.

Wannan ne Frederick Dryer da abokan aikinsa na jami'ar Princeton a Amurka suka nuna a 2007, da kayan da ba su fi ƙarfin kowace masana'anta ba: silinda, faifan fashewa, da guntayen bututu da mahaɗansu irin na kasuwa. Sun sami wuta da matsin da bai wuce bar 20 da 'yan kai ba, muddin akwai bututu a gaban faifan. Sun kuma lura da wani abu da lissafi mai sauƙi ba ya nunawa. Kafin faifan ya fashe yakan kumbura ya yi ƙoƙo, don haka igiyar da ke fitowa a lanƙwashe take. Tana bugun bangon bututu ta dawo, sassanta su haɗu a tsakiya, zafi ya ninku a wasu ɗigo-ɗigon wurare, kuma wannan kai-komon na dama gas da iska fiye da yadda za su cuɗanya da kansu. Toshio Mogi da ƙungiyarsa a Japan suka auna tasirin tsawo, suka ga cewa ƙarin tsawon bututu na rage matsin da ake buƙata kafin wuta ta tashi ta kuma fito waje da ranta. Sai bututun ya yi tsawo ƙwarai ne gogayya da bango ke fara raunana igiyar. A Mosko, Victor Golub da abokansa suka gwada siffofi dabam-dabam, har da hanya mai rassa biyu wadda gas ke bugun bango kafin ya karkata, inda aka ga wuta a ƙasa da bar 30. Kwana, mahaɗa, wurin da bututu ya tsuke, duk wani abu da igiya za ta buga ta dawo, ƙarin zafi ne. Saurin buɗewa ma haka: faifan da ya tsage a hankali, ko bawul ɗin da aka murɗa sannu, ba ya tayar da igiya mai ƙarfi.

Abin da ya fi damuna a wannan bincike shi ne inda ya nuna yatsa. Faifan fashewa, bawul ɗin rage matsi, bututun da ke kai gas sama da rufi, duk kayan kariya ne, kuma ba a isa a cire su ba, domin tankin da ya tsage ya fi kowace gobara muni. Tankin motar haidurojin ma na da wata na'ura da ke buɗewa idan zafi ya kai wajen digiri 110, don ta zubar da gas ɗin kafin wuta ta cinye bangon tankin. Amma siffar waɗannan kaya, buɗewa farat ɗaya zuwa cikin bututu mai iska, ita ce ainihin siffar da masana ke haɗawa a ɗakin gwaji idan suna son su ga haidurojin ya kunna kansa. Bar 20 kuma ba wani matsi ba ne a wannan sana'a; silindar da aka kusa shanyewa ma ta fi haka.

Sai dai a nan akwai tambayar da ba a cika yi ba: shin kamawa nan take ita ce mafi munin abin da zai faru? Tarihin hatsarori ya ce a'a.

A watan Janairun 1964, a Jackass Flats da ke hamadar Nevada, masu aikin gwajin rokar nukiliya ta Amurka suka saki haidurojin mai yawa sama da gangan, daga matsin da ya haura bar 200, don su auna ƙarar da yake yi. Bai kama a farko ba. Sai da ya yi daƙiƙoƙi yana fita yana haɗuwa da iska, sannan gajimaren ya tashi da fashewar da ta lalata gine-ginen kusa, ba tare da wani ya kunna shi ba. Ranar 8 ga Janairun 2007, a tashar lantarki ta Muskingum River a jihar Ohio, inda ake sanyaya janaretoci da haidurojin, faifan fashewa ya buɗe ana cikin sauke gas daga mota, bututun fitarwar bai jure ba, gas ya taru a ƙarƙashin rumfa, ya fashe. Direban motar ya rasu, mutum goma suka ji rauni. Ranar 10 ga Yunin 2019, a gidan sayar da haidurojin na Kjørbo kusa da Oslo a ƙasar Nowe, kusoshin murfin wani tanki da ba a ɗaure su yadda ya kamata ba suka bar gas ya yi ta yoyo har ya ɓalle. Fashewar ta sa jakunkunan iska na motocin da ke wucewa suka buɗe, aka rufe sauran gidajen irinsa a ƙasar na wani lokaci, Toyota da Hyundai ma suka dakatar da sayar da motocinsu na haidurojin a can.

A kwatanta waɗannan da abin da ya faru a Emeryville ta Kalifoniya ranar 4 ga Mayun 2012, a tashar da motocin bas ke shan haidurojin. Wani bawul ɗin rage matsi ya karye, domin an yi wani sashensa da irin ƙarfen da haidurojin ke shiga jikinsa ya sa shi gautsi. Kimanin kilo 300 suka fita. Gas ɗin ya kama a bakin bututun fitarwa, ya yi ta ci a sama har wajen awa biyu da rabi. An kwashe mutanen unguwa, an firgita, amma ba wanda ya ji rauni. Gas ɗin da ya fita a nan ya ninka na Kjørbo nesa ba kusa ba, amma da yake ya kama da wuri, a wurin da aka tanadar masa, bai sami damar taruwa ya zama gajimaren da zai fashe ba.

Daga nan ne nake ganin hukuncin da ya dace ya fito. Ba za a dogara da cewa haidurojin ba zai kama ba don an kawar da ashana da fulogi. Ba kuma za a dogara da cewa zai kama nan take ya tsira da mu daga fashewa ba, domin tseren nan na cikin bututu wani lokaci wuta ke ci, wani lokaci sanyi, kuma gwaji biyu masu kama da juna kan ba da sakamako dabam saboda yadda faifan ya tsage kawai. Mai zana wurin dole ya amsa tambayoyi biyu a lokaci guda. Idan ya kama yanzu, ina harshen zai nufa, me zai lasa, wa ke tsaye a wurin? Harshen matsattsen haidurojin daga kafar da ba ta fi 'yan milimita ba na iya kai mita da yawa. Idan kuma bai kama ba, ina zai taru? Duk rumfa, silin, ko lungun rufi da zai tare gas mai neman sama, tarko ne.

Matakan da ke biyo baya ba su da ban mamaki, kuma sun fi araha a kan takarda fiye da bayan an gama gini. Bututun fitarwa ya nufi sama, ya wuce rufi da kan mutane, ya zama mai ƙarfin da zai jure bugu da wuta a cikinsa, a rage masa kwana da mahaɗa iyakar iyawa, a ɗaure shi da kyau domin turin gas na iya fizge shi. Inda aiki ya yarda, a fifita bawul mai buɗewa sannu a kan faifan da ke fashewa. Kafin a saki haidurojin cikin sabon layi ko wanda aka buɗe don gyara, a kore iskar ciki da naitirojin; idan babu oksijin, igiya ta yi duk zafin da za ta yi, ba abin da zai ci. Wannan ya fi muhimmanci a layin da ƙarshensa a toshe yake, kamar wanda ke zuwa agogon auna matsi, domin a can iskar da ta maƙale ba ta da wurin gudu sai matsewa. A haɗa kowane ƙarfe da ƙasa, a hana tsatsa zama a ciki, a zaɓi ƙarfen da haidurojin ba ya ci.

Akwai kuma ɗabi'ar hannu, wadda takarda ba ta gyarawa. Je ka wurin mai walda da safe ka ga yadda yake haɗa sabuwar silindar oksijin. Kafin ya ɗaura mata kan rage matsi, yakan sa sifana ya ɗan murɗa bawul ya rufe da sauri, fuss, don iskar ta hure ƙurar da ke bakin. Haka maigidansa ya koya masa, haka shi ma zai koya wa yaronsa. Kamfanonin da ke sayar da gas na masana'antu sun hana yin wannan da silindar haidurojin ƙwata-ƙwata, saboda ɗan wannan fuss ɗin ya haɗa duk abin da aka lissafa a sama: buɗewa da gaggawa, ƙaramar hanya mai iska a ciki, da ƙura mai ɗaukar caji, ga kuma hannun mutum da fuskarsa a kusa. Idan ya kama, mai yiwuwa ba zai ga harshen ba sai ya ji ƙuna. Ma'aikatan hukumar sararin samaniya ta Amurka a da, kafin na'urorin hango zafi su yawaita, sukan riƙe tsintsiya a gabansu idan suna neman inda haidurojin ke ci; in bakin tsintsiyar ya kama, sai su tsaya. 'Yan kwana-kwana ma na da nasu darasin: ba a kashe wutar haidurojin alhali gas na ci gaba da fita, sai dai a rufe shi daga tushe, a riƙa jiƙa abin da ke kewaye, domin kashe harshen na mayar da gobara ta koma gajimare mai jiran fashewa.

Kada a ɗauka wannan magana ce ta ƙasashen da ke da motocin haidurojin kaɗai. Takin yuriya da manomi ke zubawa a gonar masara daga amoniya ake yinsa, amoniya kuma daga irin gas ɗin nan na Chorzów, haidurojin uku naitirojin ɗaya, a matsin da ya haura bar 100. Masana'antun taki na Lekki da Eleme da Onne a kan wannan hanya aka gina su, matatun mai na amfani da haidurojin wajen cire farar wuta daga dizal, manyan tashoshin lantarki da yawa na sanyaya janareta da shi, ana kuma daskarar da man girki da shi. Manyan kamfanoni na da injiniyoyin da suka karanta waɗannan abubuwa. Wanda na fi jin tsoro dominsa shi ne na ƙasa: direban da ke sauke silinda, ɗan kwangilar da aka kira ya sauya bawul, mai gyaran da ya ga bututun fitarwa ya yi gajere ya ƙara masa guntu da kwana biyu don ya kauce wa taga. A idonsa ya gyara ne. Ba wanda ya gaya masa cewa tsawon nan da kwanar nan suna cikin lissafin ko wuta za ta tashi, don haka duk wani sauyi a layin fitar da haidurojin, komai ƙanƙantarsa, sai ya koma hannun wanda ya zana shi kafin a ɗaura sifana.